Sunan da Ya Fito a Wayoyin Unguwa

A saman katangar gidansu Zakiyya ta fara ganin Ubaidullahi, da igiyar lantarki naɗe a wuyansa. Kwanon furar da ke hannunta ya suɓuce.

"Innalillahi! Ɓarawo da rana tsaka!"

"Ba ɓarawo ba ne, ranki shi daɗe," in ji shi, yana danne dariya. "Alhaji ne ya kira ni in ƙara ma wifi nisa."

Lokacin ana jiran zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Mahaifinta Alhaji Tanimu, babban ɗan kasuwar aya a garin Agye, ya sayo akwatin wifi don bin labarai, ya ajiye a ɗakinsa. Amma ginin ƙasa mai kauri ya hana rezo, wato sigina, isa cikin gida, inda Zakiyya ke karatun jarrabawar shiga lakol, wato makarantar ungozoma.

Ubaidullahi, mai gyaran waya daga Cadawa, ya kafa ƙaramar na'ura ƙarƙashin indararo, wadda ke karɓo rezo ta watsa gaba. Ya nuna mata a wayarta inda ake sake kod, wato lambar sirri, da sunan wifi, ya bar mata lambarsa ko da wani abu ya lalace.

Ba abin da ya lalace. Duk da haka ta rubuta masa:

"Injiniya, rezo ya yi rauni yau."

Ya amsa: "Daga nan ma ina jin ƙarfinshi, Zumata. Ko dai ganina kike so?"

Wata biyu suna haka. Da Ubaidullahi ya turo kawunsa neman izinin zance, Alhaji ya ƙi. Ya ce ɗiyarsa ba za ta auri mai hawa katangun mutane ba, ga Bubakar ɗan amininsa da kanti biyu a Gazawa.

Ranar Zakiyya ta wuni kuka. Washegari da hantsi, don ta sanyaya zuciyarta, ta shiga wurin da ya nuna mata, ta goge sunan wifi ta rubuta: Zakiyya ta Ubaidu ce har abada. A tunaninta kamar sunan da ake ajiye lamba ne, ita kaɗai za ta gani.

Ba ta san na'urar na kai rezo har ƙofar masallaci ba.

Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, Bubakar ya ciro wayarsa, ya ga sunan, ya daskare. Ya miƙa wa na kusa, na kusa ya duba tasa, shi ma ga shi. Sai ga wayar a hannun Alhaji. Ya karanta sau biyu, carbinsa ya faɗi ƙasa.

Aka kira Ubaidullahi zaure. Zakiyya na laɓe bayan ƙyaure.

"Kai ka rubuta wannan?" Alhaji ya daka tsawa. "Ka tallata min ɗiya ga duniya?"

Ubaidullahi ya dubi wayar, idanunsa suka zazzaro. Nan take ya gane wadda ta yi. Ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Baba. A yi min gafara."

"Jandarma za a kai shi!" in ji Bubakar. "Ya ɓata mata suna, ya kashe min aure!"

Zakiyya ta ji an ambaci jandarma, ta kuma ji shirun Ubaidu. Ba ta san lokacin da ta turo ƙyauren ba. Ta zube gaban mahaifinta.

"Baba, ni ce. Wallahi ni na rubuta da hannuna. Bai ma sani ba."

Bubakar ya buɗe baki ya kasa rufewa, can ya lalubi takalmansa ya fice.

Alhaji ya daɗe yana kallon saurayin.

"Kana ji ana batun kulle ka. Mi ya hana ka faɗi gaskiya?"

"Ni namiji ne, Baba. Ko an kulle ni zan fito in ci gaba da aikina. Ita kuwa in sunanta ya zube, wa zai kwashe mata?"

Alhaji ya sa aka goge rubutun, ya sallami Ubaidullahi. Kwana tara bai amsa gaisuwar Zakiyya ba, har ta rame. A rana ta goma ya kira ta bayan azahar.

"Kin ba ni kunya, ɗiyata. Amma na auna, ban ga wanda zai rufa miki asiri kamar yaron nan ba. Ki ce ya turo manyansa."

Da hawaye ta rubuta: "Ubaiduna, Baba ya yarda."

Amsa ta zo: "Zumata, sake turowa. Ban yarda da idona ba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya Cadawa, Alhaji ya riƙe hannunta ya danƙa wa angon.

"Ga amana. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi albarkaci zuri'arku."

Mata suka rangaɗa guɗa. Daga cikin lulluɓi Zakiyya ta ce amin.