Ranar Rufe Ƙofa

A bayan wani shagon kofi a garin Madiun Wening ta fara ganin Galih, kuma abin da ta fara ji ƙyama ce. Yana zaune a ƙasa cikin rigar da ta manta da sabulu, ledojin taliya kewaye da shi, tsofaffin kwamfutoci jibge kamar bola.

"Ke ce mai fassarar? Zauna, Dik," ya ce, wato ƙanwa a harshensu.

"A ina? Kan ledar taliya?"

Ya share mata wuri da hularsa, ya mayar da hular kansa. Ta kau da kai. Amma ta zauna.

Kemiri ce ta haɗa su, babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, wadda 'yan sa-kai ke haɗawa kyauta don tsofaffin injinan makarantun ƙauye. Babu maigida, babu albashi. Wening malamar firamare ce, ta zo mayar da rubutun ciki zuwa Jawanci, harshen yankinsu. Galih ne mai sa ranar fitar da sabon zubin manhajar.

Bayan kwana kaɗan saƙonsa ya shigo: "Haskena, na wanke rigar. Ki zo ki shaida."

Ta mayar, tana kiransa Mas, wato yaya: "Ka wanke hular ma, Mas, sannan ka kira ni haskenka."

Ya wanke. Haka soyayya ta kama, har ta yi jijiya.

'Yan Kemiri suna da allo a intanet wanda kowa ke gani. Kashi uku ne: abin da ake yi, abin da zai shiga zubi mai zuwa, da abin da aka bari sai wata rana. Suna kuma da doka. Akwai ranar rufe ƙofa, aikin da bai nuna ba a ranar sai ya jira zubi na gaba. Galih ya sha korar aikin mutane da dokar nan ba tare da ƙifta ido ba. Amma nasa aikin, sabuwar hanyar girka Kemiri a kwamfuta, ya ƙi nuna, sai ya riƙa ɗage ranar kowa saboda shi, yana rubuta dogon uzuri. Makarantu na jira. A ajin Wening rabin injinan sun daina buɗe littattafan sabon zango. Ita ta laƙaba masa Sarkin Ɗage, da wasa. Daga baya wasan ya daina ba ta dariya.

Mahaifinta, Pak Harjo, tsohon direban jirgin ƙasa ne. Da ya ji Galih na son 'yarsa, ya sa aka buɗe masa allon, ya ga ranakun da aka soke jere da juna, ya ture wayar kamar an miƙa masa ruɓaɓɓen kifi. Ya ce mutumin da ya saɓa rana a gaban duniya bai ji kunya ba, ba a gabansa zai fara ji ba. Uwar kuwa Bagas take so, ma'aikacin wani kamfani a Surabaya, mai turare da mota, wanda ke leƙa Kemiri lokaci-lokaci don a san da shi.

Da Galih ya ji labarin Bagas, sai ya yi abin da ɗan Kemiri kaɗai zai yi. A wurinsu abin da ya hau allo alkawari ne. Don haka ya hau ya rubuta, "Neman auren Wening." Ya sa shi a kashin wata rana.

A ɗakin malamai Wening ta gani. Tuni jama'a sun taru a ƙarƙashin sunanta. Wani ya tambaya ko wannan zai hana zubi fita. Wani daga Makassar ya ce wa zai yi gwaji. Har ƙuri'a sun jefa. Can ƙasa Bagas ya rubuta: "Aikin nan mai shi ba ya motsa shi. A ƙa'idarmu, aikin da aka yasar wani na iya ɗauka. Na ɗauka."

Ta ture shinkafar da take ci, ta hau babur ɗinta ta nufi shagon.

Galih ya tare ta da murmushi, yana jiran yabo.

"Ni ce aikin da aka yasar?"

"Haskena, girmamawa ce. Abin da ke allo ba ya..."

"Tsakanin gyaran firinta da sabon hoton bango ka ajiye ni. Ƙatti suna jefa mini ƙuri'a. Kuma ko kashin da ake yi ba ka sa ni ba, sai wata rana. Tir, Mas. Ƙazantar rigarka ta fi wannan tsabta."

Ta fita. Bai bi ta ba, don bai san ta inda zai fara ba.

Pak Harjo ne ya yanke hukunci. Ya lissafa ranakun haihuwa kamar yadda aka saba a al'adarsu wajen neman ranar sa'a, ya tsayar da wata Asabar. Ranar fitar zubi da ke kan allo kuwa Juma'a ce, kwana ɗaya kafin Asabar ɗin. Ya ce in yaron ya cika wa makarantu Juma'arsu, ya turo manyansa Asabar. In ya ɗage, kada ya tako layinsu. Manyan Bagas a shirye suke.

Wening ta aika masa: "Baba ya sa ranar rufe ƙofa. A nan babu zubi na gaba. Ina son ka, abin haushin ke nan."

Bai amsa ba.

Ran Alhamis ta ji daga bakin masu gwaji cewa aikin nasa har yanzu faɗuwa yake. Ta buɗe allon tana jiran ganin dogon uzuri. Ba ta ga uzuri ba. Sunanta ta nema, babu shi. An goge, har da ƙuri'un. Ta ce a ranta ya sakar wa Bagas ita ke nan, ya zaɓi injinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke tukwanen gidan duka, har waɗanda ba a dafa komai a ciki ba.

Juma'a da hantsi shugaban makaranta ya leƙo ajinta ya ce sabon zubin Kemiri ya fito. Ta sake duba allon, a hankali wannan karon. Aikin da Galih ya kashe shekaru a kansa yana can a kashin wata rana, shi da kansa ya mayar da shi. A ƙarƙashi layi ɗaya: "Bai nuna ba. Dokar ta hau kaina."

Sai wayarta ta yi ƙara.

"Haskena, na goge ki daga allo don ba ki cikin abin da jama'a ke yi wa ƙuri'a. Na yi wauta, ki yafe. Gobe da wace riga zan zo?"

Ta zauna a kan kujerar yara, ta rubuta: "Sabuwa, Sarkin Ɗage. Kuma kada ka zo da hular."

Asabar, Galih da manyansa suka iso tun ba a gama shimfiɗa tabarma ba. Pak Harjo ya dubi agogonsa, ya dubi yaron, ya ce jirgin kirki ba ya riga lokaci ma, amma a shigo. Bagas ya aiko da dogon ƙorafi a kan allo. Ba wanda ya ɗauka.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, a ranar da tsohon ya sa, ba a ɗage ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai cika alkawari. Aikin Galih yana nan a kashin wata rana. Tsohuwar rigar kuwa, da ita Wening ke goge kwamfutocin ajinta.