Tartsatsi a Teburin Najiba

Ranar da Rufa'i ya fara shiga shagon haɗa fitilun sola na Malam Attahiru a Tambuwal, Najiba tana teburin ƙarshe ta yi tagumi, hankalinta ya tafi yawo. Yarinya ce mai natsuwa, amma abin tausayi, yawancin fitilun da ta haɗa mutuwa suke yi tun ba su kai kasuwa ba. Har an fara raɗa wai farar ƙafa gare ta, irin matan nan da ake cewa abin da suka taɓa ba ya albarka.

Shi kuwa Rufa'i ɗan Kebbe ne, a Sakkwato ya koyo aikin lantarki, aka kira shi ya gano abin da ke kashe kayan. Ya zo da wata 'yar na'ura a tafin hannu, kamar ƙaramar rediyo. Yana bi tebur-tebur tana shiru. Da ya iso wurin Najiba, ta kai yatsa kan allon lantarkin cikin fitila ke nan, sai na'urar ta yi ƙara, jar wuta ta ƙifta.

Najiba ta sunkuyar da kai. "Ashe har ita ta ji labarina."

Ya dube ta, ya ɗan daɗe, ya fi yadda aiki ya buƙata. "Ba ke taka yi wa kuka ba. Hijabin ga taka yi wa."

Ya ce yadin leda irin na hijabinta in yana gugar jiki a bushewar rani, lantarki yake tarawa. In ta taɓa allo sai ya zuba ta yatsanta, tartsatsin da ido ba ya gani, ya ƙona 'yan ƙananan kayan ciki ba hayaƙi ba wari. Shi na'urar take ji.

Ta koma sa hijabin auduga, aka ɗaura mata madauri a wuyan hannu mai waya da ke sauke lantarkin ƙasa. Fitilunta suka rayu. Shi kuma malam mai na'ura, kun dai san halin samari, teburin da ya riga ya warke shi ya fi zuwa aunawa.

Wata rana ya rubuto mata ta waya: "Sanyin idona, da magariba na bi ta Fakku na ga fitilarki a rumfar mai shayi. Na tsaya ina kallonta har mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya yi fushi."

Ta karanta, ta sake karantawa, tana ganin rumfar a zuciyarta, da hasken, da shi tsaye a gefen hanya. Ta amsa: "Malamina, fitila ce kawai. Ka isa gida lafiya, mai fitilar tana nan."

To, fitilu sun warke, amma suna bai warke ba. Maganar farar ƙafa ta riga Rufa'i isa Kebbe. Da ya kai zancen aure gida, mahaifiyarsa Inna Batula ta ce ba da ita ba, shanun gidansu gadon kakanni ne, ba za ta zuba ido su ƙare ba.

Najiba ta yi kukanta ta share, ta rubuta masa: "Kada ka saɓa wa Inna saboda ni. Na yafe maka." Wayarsa ta daina shiga ranar, ita kuma ta ɗauka ya amince. Ba ta san hanyar ƙauye ce ta cinye sabis ba.

Ranar kasuwar Tambuwal wata dattijuwa ta shigo shagon wai sayen fitila. Wushiryarta kaɗai Najiba ta gani, irin ta Rufa'i sak, ta gane mahaifiyarsa ce. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta jawo mata kujerar roba. Dattijuwar ba fitila take kallo ba, ƙafar Najiba take leƙe.

Na'urar tana kan tebur, Rufa'i ya bar ta a kunne. Inna Batula ta gyara dogon hijabinta na leda mai sheƙi, ta miƙe, ta dafa bakin ƙarfen teburin. Na'ura ta yi ƙara, jar wuta ta ƙifta.

Inna ta janye hannu. "Mi na yi mata?"

"Ba komai, Inna," in ji Najiba, murya ƙasa-ƙasa. "Haka ta yi mini ranar farko. Yadin ne, da kujerar."

"Taɓa in gani."

Najiba ta taɓa. Shiru. Inna ta koma ta zauna, ta miƙe, ta sake dafawa, na'ura ta sake kuka. Sai tsohuwa ta rufe baki da gefen hijabi, dariya ta ƙwace mata.

"To in haka ne, ni ce mai farar ƙafar, ga shi kuwa shanunmu sai haihuwa suka yi tun da aka kai ni gidan." Ta kamo hannun Najiba. "Tashi, ɗiyata. Ki ce wa babanki manya na nan tafe."

Bayan kaka aka ɗaura auren a Tambuwal, aka ɗauki amarya zuwa Kebbe. Inna Batula da kanta ta tare ta a bakin zaure, gaban dangi kaf, ta ce, "Shigo da ƙafar dama, ɗiyar albarka."

Najiba ta taka ta shiga, Rufa'i yana can nesa cikin abokai yana murmushi. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a ta gari.