Kifayen da Zouliha ta Bari

"A hankali Souley, gilashi ne... a hankali na ce maka."

Ina tsaye a matakala da lallen amarci a hannuna, amma mijina Munzali da ke wannan faɗan ko kallona bai yi ba. Shi da ƙaninsa Souley sun rungumi akwatin gilashin kifaye suna hawa benen da muka kama haya a Zongo, kamar masu ɗauke da jinjiri. Gadona da kabad ɗina kuwa suna ƙasa rana na dukansu. Har tsohon ruwan kifayen sai da aka hau da shi a jarkoki, wai sabon ruwan famfo kashe su yake.

Gwaggonnina da suka zo jere sun zaɓi bangon falo mafi kyau don kwanukana, Munzali ya durƙusa.

"Ku yi haƙuri Gwaggo. Mai gidan ya ce nan kaɗai ginshiƙi yake, shi zai iya ɗaukar nauyin ruwan kifayen. Shagon ɗinkinsa ne a ƙarƙashinmu."

Haka aka tura kwanukana lungu. Turaren wuta ma aka hana ni a falo, wai hayaƙi na cutar da kifayen.

Da shi ya sayi kifayen da na haƙura. Zouliha ce ta bar masa su, yarinyar da ya nema kafin ni, ranar da ta bi iyayenta Abidjan. Kishi nake, ban kuma ɓoye ba.

"Masoyi, ni ka aura ko su?"

"Haba Mubina... kifi ne fa."

"Kifinta dai. Da safe su kake fara gaisarwa. Ni ka taɓa tambayata ko na ci?"

"Ke kina da baki, su ba su da shi."

"To bakin ne ke gaya maka, ko ni ko su."

Ya juya ya fita.

Ranar Asabar ya kai kaya garin Sèmè-Kpodji, da rana tsaka aka ɗauke wuta. Ɗan injin da ke hura wa kifayen iska ya tsaya. Can sai ga su sun taso saman ruwa suna buɗe baki.

Na gyara zama a kujera. Ai ba hannuna a ciki, masu wuta ne suka yi aikinsu. Har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini.

Sai wani jan kifi mai doguwar wutsiya ya kwanta ta gefe. Na tuna fuskar Munzali idan yana zuba musu abinci, fuskar da nake so ko da ba ni take kallo ba. Na tashi ina tsaki, na ɗauko ludayin aurena da ko miya bai taɓa ba. Na dinga ɗibar ruwan ina kwararo shi daga sama, yadda na ga yana yi. Ina yi ina kuka, ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗata ta sage.

A haka ya same ni, zanina sharkaf, jan kifin ya miƙe yana yawonsa.

"Mubina..." Ya karɓe ludayin ya riƙe hannuna. "Rabin raina, na riga na yi magana da wani a unguwar Placodji. Gobe zai zo ya kwashe su. Ke na zaɓa."

Na kalli hannuna, ruwa ya yamutsa fatar.

"Kira shi ka ce kar ya zo."

"Ba ke kika ce..."

"Ita tafiya ta yi ta bar su. Ni na raya su, yanzu nawa ne." Na share hawayena, na fizge ludayina. "Daga gobe ni zan ba su abinci. Kai kuma idan ka tashi, ni za ka fara gaisarwa."