Dami Tara na Bilhatu

Da rana tsaka, a gaban idon jama'a, aka yi wa Bilhatu wannan cin mutunci! Amalanke ya tsaya a ƙofar gidanta ana fito da damman geronta ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana durƙushe a gaban yayan mijinta, Mainasara, hawaye na ɗiga a ƙasa. Dami tara ne cif, abin da ta samu a 'yar gonar da marigayi mijinta Ishaku ya bar mata ita da 'ya'yanta mata biyu, bayan ta kwashe bazara tana jidar taki a ka.

"Yaya, ka dubi Allah... ka dubi marayun ƙanenka! Ko zangarniya ɗaya ban taɓa maka ba."

"Rufe min baki!" Mainasara ya daka mata tsawa yana gyara babbar riga. "Dami tara sun ɓace a rumbuna, ga dami tara a gidanki. Bana da ruwa ya ɗauke da wuri, maza ma sun tashi a tutar babu, ke wace ce da za ki sami wannan?"

Wa zai musa masa? Mainasara dattijo ne a 'yar majami'ar Gidan Tambai, wani ƙauye tsakanin Zango da Babban Mutum, kuma makullin rumbun majami'a a aljihunsa yake kwana. Kowace kaka, ranar sujadar godiya, kowane gida kan kawo dami gwargwadon hali, a karanta sunaye, nasa ne kullum a farko. Wayyo, mutumin nan da son a ce shi ne! Idan ana karanta sunansa har lumshe ido yake yi. Tun farkon damina ya miƙe a gaban kowa ya ce bana dami arba'in zai kawo wa Ubangiji, ba tare da ya jira ya ga abin da sama za ta yi ba.

Da ma a kan gero abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya kai ƙararta gaban dattawa, aka zauna, kuma maganar dattijo ta rinjayi ta gwauruwa. Fasto da kansa ya sanar ranar Lahadi cewa an sa Bilhatu a horo saboda sata: bencin baya za ta riƙa zama, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar tarayya da ake rabawa a majami'a, sai ranar da ta amsa laifinta. Sata! Matar da ko tsinke ta tsinta sai ta yi cigiya! Ta tashi tsam ta koma baya, kanta a ɗage, sai da ta zauna sannan hawaye suka ɓalle mata.

Wahala ta yi ta hawa kan wahala. Tukunya ta daina hawa murhu sai jefi-jefi, tafasa da rama suka zama abincin gidan, yara a makaranta suna kiran 'ya'yanta 'ya'yan ɓarauniya. Matan ƙungiyar zumunta ta majami'a da ta yi shekaru tana ba su waƙa suka koma kawar da kai idan sun haɗu a rijiya. Maƙwabciyarta Hajo ce kaɗai, Musulma, kan miƙo mata kwanon gari ta kan danga. Wata rana babbar 'yarta ta rungume ta tana kuka ta ce, "Inna, ki ce kin ɗauka mana, ko sa bar mu mu huta..."

Bilhatu ta share mata fuska da bakin zane. "A'a, 'yata. Yunwa zan iya, amma ba zan ɗora wa sunan ubanku ƙarya ba." Sannan ta durƙusa ta ɗaga hannuwa. "Ya Yesu, kai ka ga takin da na jida. Ban roƙe ka ka hallaka Yaya ba, ka wanke ni kawai!" Ni dai ban taɓa ganin mace mai ƙarfin zuciya irin wannan ba, kuma ina alfahari da faɗar haka.

Ranar godiya ta zo. Mainasara ya jera dami arba'in a harabar majami'a, aka karanta sunansa, aka yi guɗa, yana ta ɗaga hannu. Sai Fasto ya yi gyaran murya ya ce, "'Yan'uwa, bana akwai yunwa a gidaje. Ba za mu kulle hatsin nan a rumbu ba. Mata su kawo turame, yau za a sussuke a raba wa mabukata."

Fuskar Mainasara ta sauya nan take. "Haba Fasto! Ai ba haka aka saba ba... a kai rumbu tukuna, ni zan kula da shi."

"Yau za a yi, Dattijo."

Wata tsohuwa ta kwance dami na farko, sai ta ja da baya tana tafa hannu. Kara ne zalla a ciki, an yi masa lulluɓi da 'yan zangarniyu ta waje! Aka kwance na biyu, haka. Na goma, haka. Dami talatin da ɗaya duk fanko, tara ne kaɗai cike da gero mai nauyi. Can sai Kubura, matar Mainasara, ta fashe da kuka ta zube ƙasa.

"Na gaji! Wallahi na gaji da ɗaukar wannan zunubi! Gonarmu ba ta yi komai ba bana. Ni na taya shi cusa karan, ya ce in an kulle a rumbu babu mai gani. Taran nan na Bilhatu ne, ba ta saci komai ba... Bilhatu, ki yafe min!"

Fasto ya taka da ƙafarsa har inda Bilhatu take, idanunsa sun yi ja. "Mama, mun zalunce ki, ni ne na farko. Taso ki dawo gaba." Ta miƙe, ta kamo hannun 'ya'yanta, suka ratsa tsakiyar jama'a a hankali, mata na kuka, wasu na guɗa. A nan take aka karɓe makullin daga hannun Mainasara, aka sauke shi daga dattijantaka, aka sa shi a horon da ya jawo mata. Mutumin da bai taɓa rusuna wa kowa ba ya zube a gabanta, hularsa a ƙasa.

"Tashi, Yaya," in ji Bilhatu. "Na yafe maka tun kafin yau." Ta juya wajen Fasto. "Dami ɗaya na Ubangiji ne, da ma na ware shi. Huɗu a kai gidana. Huɗun da suka rage a kai gidan Yaya, tun da rumbunsa babu komai, kuma yaransa jinin mijina ne."

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar, duk lomar tuwon da Mainasara ya kai baki ta geron Bilhatu ce, kuma ya sani. Kubura ta ce sau da yawa sai ya ajiye lomar ya yi kuka tukuna, sannan ya iya haɗiyewa.