Tsagar da Baduku Ya Rufe da Zane

A zamanin da, an yi wani baduku gwanin zane a fata. Yana ɗinka wa wani maharbi kuben ƙaramar bindiga, sai wuƙa ta zame ta tsaga maratayin kuben. Ya rufe tsagar da zane, maharbi ya karɓa ya tafi.

Aka kawo tuwo, baduku ya kasa ci don tunanin tsagar da ya ɓoye. Aka kawo fura, ya kasa sha. Sai ya bi sawun maharbi a guje har bakin kogi, ya tarar zai shiga kwalekwale.

Ya ce, "Malam, tsaya! Akwai tsaga ƙarƙashin zanen nan."

Maharbi ya ja maratayin, ya tsinke, bindiga ta faɗi kan yashi. Ya ce, "Da a tsakiyar kogi ne fa?"

Baduku ya yi hamdala. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.