Jan Keke a Bayan Tirelar Baffa Ilu

Yaya Laraba 'yar wan babanmu ce, ta girme mu nesa ba kusa ba. Da sanda take tafiya, ƙafarta ta hagu a shanye take, kuma a gidanmu an hana kowa tambayarta dalili. Ran nan bayan isha'i an ɗauke wuta, muna zube a tabarma a tsakar gida, sai Atine, autarmu, ta tambaya. Na zungure ta.

"Ƙyale ta, Hadi," in ji Yaya Laraba. "Ku matso. Kada wanda ya katse ni."

Muka matsa. Ta rage murya, ta fara.

Baffanku Ilu, mahaifina, dillalin kekuna ne. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Yana da tsohuwar a-kori-kura, da wata 'yar tirela mai ɗaki da ya saya a hannun masu aikin titi lokacin da za su tashi. Ɗaki ne sosai a kan taya biyu. Katifa, risho, buta, akwatin sifana. Yakan ɗaura ta a bayan mota ya bi kasuwannin ƙauye, kwana huɗu, kwana biyar, a ciki yake kwana. Shi kaɗai. Ba ya ɗaukar kowa.

Bayan motar cike yake da tayoyi da kayan gyara, saboda haka ya sa Gwadabe mai walda ya yi masa kariyar ƙarfe a bayan tirelar, mai ƙugiya huɗu, wurin rataye kekuna. Ran da aka gama, Gwadabe ya dafa ƙarfen ya ce, "Malam Ilu, huɗu fa. Wutsiyar tirela ba kamar bayan mota ba ce, tsalle take yi. Kuma daga madubi ba ka ganin abin da ke nan."

Baba ya ce, "Walda na sa ka ko wa'azi?"

Bakwai yake ɗorawa. Huɗu a ƙugiya, uku a kansu, ya naɗe da robar taya.

Wata Talata da damina yana dawowa daga kasuwa, ya biyo ta Fadamar Gawo. Hanyar burji ce, ba gida gaba, ba gida baya. Magariba ta kawo kai, hadari ya haɗo, yana sauri. Ya faɗa gargada bai rage gudu ba. Sai ya ji ƙaram! a baya. Ƙararrawar keke ta buga sau ɗaya.

Ya tsaya. Ya koma da ƙafa.

Baƙin keke ne kwance a gefen hanya, tayar gaba na juyawa. Robar ta tsinke. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ji kuka. Siririn kuka, kamar na ɗan akuya da aka haifa yau. Daga ƙarƙashin keken yake fitowa.

Ya duba. Ba komai. Jar ƙasa ce kawai, da wani ɗan wuri da ya jiƙe.

Bai yi bisimilla ba. Bai ce sannu ba. Kan keken da ya lanƙwashe ya gani, ya yi tsaki, ya kama tayar baya ya ja shi a ƙasa. Da ya ja, kukan ya ƙaru. Ya ji. Ya rataye kekensa ya tafi.

Talata ta zagayo. Ya sake biyo hanyar, wannan karon rana tsaka. An yi ruwa da safe, ko'ina taɓo. Daga nesa ya hango mutum a gindin wani gawo. Kun san gawo da damina ba ya da ganye, ƙaya ce tsirara. Ba inuwa a gindinsa. Amma mutumin nan a inuwa yake tsaye.

Dogo ne, da farar riga har ƙasa. Yana riƙe da ɗan ƙaramin keke ja, sabo fil, yana ƙyalli.

Baba ba ya tsaya wa mutane. Keken ya tsaya wa.

Ya leƙo ta taga. "Salamu alaikum. Na sayarwa ne?"

Mutumin bai amsa sallamar ba. Ya ce, "Akwai wuri a ƙarfenka?"

"A cike yake."

"Duba dai."

Baba ya fito ya zagaya baya. Ya ƙirga, bakwai, kamar yadda ya ɗora. Amma ga ƙugiya ɗaya a sake, ba komai a kanta. Ya sake ƙirgawa. Bakwai. Kafin ya ɗago, mutumin ya ɗauki jan keken da yatsa biyu ya rataye.

Tirelar ta nutsa. Ƙarafunanta suka yi ƙara kamar an ɗora mata buhu goma.

Baba ya juya zai yi magana, ba kowa. Ya koma gaban mota, ya same shi zaune a kujerar gefe, hannuwa a kan cinya. Duk taɓon nan, ko ɗigo babu a farar rigar.

Baba ya tayar da mota. Da ƙyar take ja. Giya ta biyu ta ƙi wucewa. Cikin motar ya ɗauki warin toka da ruwa ya daka. Can sai ƙararrawa ta fara a baya. Ƙirin. Shiru. Ƙirin.

Baba ya kai hannu zai canja giya, idonsa ya sauka ƙasa. Rigar ta ɗan ɗage. Ya ga ƙafafun.

Diddige ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ta ɓace masa. Ya nemi Ƙulhuwallahu, ita ma ta ƙi zuwa.

"Talatar da ta wuce ka yar da kaya a nan," in ji mutumin.

Bakinsa a gefen Baba yake motsi, amma muryar daga baya take zuwa, daga cikin tirela.

"Na koma na ɗauka," in ji Baba.

"Ka ɗauka. Ka ji kuka?"

Baba ya ƙura wa hanya ido.

"Ɗana ne. Wasa yake yi a bakin hanya. Kekenka ya faɗa masa a ƙafa. Da ɗagawa ka yi, da ta ɗoru. Ja ka yi."

"Wallahi ban gan shi ba."

"Ban ce ka gani ba. Cewa na yi ka ji."

Ƙirin.

"Nawa aka ce ka ɗora?"

"Huɗu."

"Nawa ka ɗora?"

Baba ya kawar da kai.

Mutumin ya ce, "Ƙafa ɗaya ta tafi a gidana. Ɗaya za ta tafi a naka. Ko taka, ko wata a cikin gidanka. Ka zaɓa kafin mu hau kwalta."

Ga kwalta can ana hangowa, baƙa, tana sheƙi da ruwa. Baba ya ɗauke ƙafa daga totur. Motar ba ta rage gudu ba. Ya taka birki, ya tafi ƙasa a banza.

Ya dubi ƙafafunsa. Da su yake tuƙi. Da su yake yawon kasuwa. Sai ya tuna da awakinmu. Muna da awaki biyar a lokacin, da rago ɗaya. Ya ce a ransa, ai su ma a gidana suke, kowacce ƙafa huɗu gare ta.

"Wata a gidana," ya ce.

"Maimaita."

Ya maimaita.

Taya ta taɓa kwalta. Motar ta zabura kamar an sauke mata dutse. Kujerar gefe ba kowa, sai warin tokar.

Ya tsaya a kan wata gada, ya ruga baya. Jan keken na nan. Ya sauke shi, ba nauyi, kamar karan dawa. Ya ɗaga ya wurga shi cikin rafi, ya tsaya har ya ga ruwa ya rufe shi. Sannan ya kamo hanyar gida.

Shekarata tara a lokacin. Na fi shekara ina roƙonsa keke. Kullum sai ya ce mace ba ta hawa keke, in je in taya Inna wanke-wanke. Duk da haka, in na ji ƙarar motarsa sai na fita da gudu na zagaya bayan tirela, ina shafa kekunan da ba nawa ba.

Ran nan da la'asar na ji motar. Na fita. Na zagaya.

Ga shi a ƙugiya. Ja, daidai tsawona. Ruwa na ɗiga daga sirdinsa.

Na yi ihu, "Inna! Baba ya kawo mini!"

Da kaina na sauke shi. Na turo shi gefen mota. Baba ya fito, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu a kan ƙofa. Ya ga keken. Ya gan ni.

Na tsaya ina kallonsa. Jira nake ya daka mini tsawa, don na san halinsa. Ya buɗe baki. Na ga haƙoransa, na ga harshensa. Sai ya rufe. Ya sunkuyar da kai.

Na ɗauka izini ne.

Ban taɓa koyon keke ba, amma ina hawa ya tafi. Ba tangaɗi. Na zagaya ƙofar gida sau ɗaya ina dariya, iska na kaɗa mini ɗankwali. Ƙararrawar ta buga ban taɓa ta ba. Sai na ji sanyi a tafin ƙafata ta hagu, kamar na taka ƙanƙara. Na so in cire ta daga feda, ta ƙi. Sanyin ya hau idon sawu. Ya hau gwiwa. Na faɗi.

Na kwana da zazzaɓi. Da safe Inna ta ce in tashi, na tashi, ƙafar ba ta taso tare da ni ba. Aka fita neman keken inda aka jingine shi a zaure. Babu shi. Ƙasar wurin ce kawai a jiƙe.

An kai ni asibiti uku. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Baba ne ke ɗaukata a kafaɗa ya sa ni a kujerar gefen nan ta motarsa. Mutane suna cewa, kai, Malam Ilu uba ne, dubi yadda yake wahala da yarinyar nan. Makarantarmu na da nisa, na daina zuwa. Sa'o'ina suka gama, suka yi aure, suka watse. Shi kuwa ya ci gaba da kasuwanninsa. Huɗu yake ɗorawa daga ranar, kuma ya canja hanya. Awakinmu suka yi ta haihuwa.

Duk abin nan da na faɗa muku na cikin mota, ban san shi ba sai bayan shekara goma sha huɗu. Ciwon ajali ya kwantar da shi. Wata safiya ya ce a kira ni. Inna na zaune a bakin gado. Ya faɗa mini komai, tiryan-tiryan, idonsa a kan rufin ɗaki. Da ya gama ya ce, "Awaki na nufa, Laraba. Allah ya sani awaki na nufa."

Na ce, "Baba, da na riƙo keken ina kallonka, akuya ka gani?"

Ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Kalma ɗaya ce," na ce. "Sauka. Ko ajiye. Ka saba faɗa mini su."

Ya ce, "Na ji tsoro. In na hana ki, kaina abin zai dawo."

Inna ta riƙe mini hannu, tana matsawa har ya yi zafi. "Ki yafe wa mahaifinki. Kina ganin halin da yake ciki."

Na ce na yafe.

Ya cika washegari da hantsi. Kafin maza su shigo, na zauna a ɗakin ni kaɗai. An lulluɓe shi da zane, amma zanen bai kai ba. Ƙafafunsa sun leƙo. Guda biyu, lafiya lau, ko kaushi babu. Na daɗe ina kallonsu.

Nan Yaya Laraba ta tsaya da labarin. Can Atine ta ce, cikin raɗa, "Yaya, kin yafe masa da gaske?"

"Kullum da asuba nakan sake faɗa," in ji ta. "Har yanzu a baki yake tsayawa."

Na ce, "Aljanin fa? Yana nan?"

"Gawon na nan. Direbobi sun ce wani lokaci da rana tsaka sukan ga inuwa a gindinsa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina. "Kai Hadi, na ji kana son tuƙi. To ka ji. In abu ya faɗo maka a hanya, ka yi bisimilla, ka ɗaga shi sama a hankali, ka ce sannu ko ba ka ga kowa ba. Fadamar Gawo kuwa, ko da rana ce, kada ka kuskura ka bi ta kai kaɗai. Ka ɗauki mutum, ko wane ne."

"Don ya kori aljanin?" in ji Atine.

"A'a. Ba mai korarsa." Ta gyara ƙafar da hannu biyu, ta miƙe ta a kan tabarma. "Amma da akwai ɗan'adam ɗaya a motar nan yana jin Baba, da ko don kunya bai maimaita ba."