Tokar da Bobboyi Ya Kawo

Da la'asar sakaliya Zakariya ya hau babur daga Jimeta ya nufi Mbamba, zai buɗe tanderunsa. Kwana biyu ke nan da kashe wutar, kuma a kwana biyun bai iya zama wuri ɗaya ba.

A Malkohi ya koyi aikin tangaran, shekarar da 'yan gudun hijira suka cika sansanin da ke can yana kai musu ruwa. Wani tsoho mutumin Japan ya zo da wata ƙungiya, ya yi wata huɗu yana koyar da sana'ar ƙasarsu. A tace farar ƙasa har ta yi laushin ƙullu, a gina finjali siriri, a tsoma shi a ruwan toka, a gasa. Wuta ce ke narkar da tokar ta zama sheƙi. Tsohon na tafiya kowa ya watse, Zakariya kaɗai ya riƙe. Shekara takwas yana neman wani shuɗi mai duhu da ya gani a finjalin shayin tsohon. Ya gwada tokar ƙaiƙayin shinkafa, ta kara, ta icen mangwaro. Ko kusa.

Sai Bobboyi, direban da ke jigila tsakanin Yola da Madagali, ya kawo masa rabin buhun toka.

"Hamma, gwada wannan. Laushi kamar hoda."

Bai tambaye shi inda ya samo ba.

Tanderun yana bayan gonakin shinkafa, babu gida kusa. Rana ta yi ja lokacin da ya fara zare bulon ƙofar. Ya saba jin ƙanshin gasasshiyar ƙasa. Yau wani wari ne ya buge shi, irin na tabarma da tsumma idan sun ci wuta.

Finjalai goma sha biyu ya jera. Biyar sun zama gari. Bakwai na tsaye, daga babba zuwa ƙarami, kuma ga shuɗin nan, shi ɗin dai, har ya fi na tsohon zurfi. Ya ɗauko ƙaramin, ya juya shi a sauran hasken rana.

Wani siririn ƙara ya fito daga cikin tanderun. Ƙil.

Bai damu ba. Sheƙi kan yi haka idan yana hucewa. Sai ya tuna bulon da ya zare yanzun nan sanyi ƙalau yake.

Can nesa aka fara kiran magariba. Kwaɗin fadama suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi.

"Usaid."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga bayansa. Finjali ɗaya ya amsa. Ƙil.

"Basma."

Ƙil.

Zakariya bai waiwaya ba. Yana jin takun ƙafa a kan busasshiyar ciyawa, a hankali, ana jan ƙafar. Warin ya ƙaru har ya cika masa maƙogwaro.

"Ihsan. Naziha. Mu'tasim."

Kowane suna da amsarsa.

"Ɗan'auta."

Shiru.

"Ɗan'auta?"

Finjalin da ke hannunsa ya fara ɗumi. Yana bugawa a tafinsa, da sauri-sauri, kamar ƙirjin ɗan tsako.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa, busasshe, mai zafi.

"Bawan Allah," ta ce a kunnensa, "ajiye min shi."

Ya yi niyya. Yatsun suka ƙi buɗewa.

Ya kama Ayatul Kursiyyu, ta sarƙe masa a baki.

Ɗumin ya koma zafi. Ya ji ƙaurin fatarsa.

Sai hannu ya zagayo ta gefensa, fari fat kamar toka, duk ya tsattsage. Ya riƙe masa wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, yadda uwa ke riƙe yaro za ta karɓe wuƙa.

Yatsun suka saki.

Bai ji faɗuwar finjalin ba. Abin da ya ji daga cikin tanderun kawai, ƙil.

Ya bar babur ɗin a nan. Ta cikin shinkafa ya keta, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi, bai tsaya ba sai da ya faɗi a ƙofar masallacin Mbamba ana sallame salla.

Washegari, tafinsa naɗe da bandeji, ya tare Bobboyi a tasha. Da ƙyar Bobboyi ya faɗi inda ya samo tokar. A wani ƙauye kusa da Madagali motarsa ta lalace, ya shiga wani kango yana neman inuwa, gidan da aka ƙona tun shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin. A wani ɗaki da rufin kwano ya rufta, ya ga tokar jibge, ruwa bai taɓa ta ba.

Modibbo, malamin unguwarsu, ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, sai dai aljanun da suka zauna gida ɗaya da mutane sukan riƙe muryarsu. Ya ce a mayar da kayan inda aka ɗebo.

Da rana tsaka shi da Bobboyi suka kwashe finjalan da ragowar tokar, suka kama hanyar ƙauyen. Wani dattijo mai suna Abednego, wanda katangarsa ke jingine da kangon, ya ara musu fartanya. Yana tsaye suna haƙa.

"Baba, gidan waye wannan?" in ji Zakariya.

"Na Aminatu ne. Ita da yaranta shida." Ya lissafo sunayen ɗaya bayan ɗaya, a jeren da Zakariya ya riga ya sani.

Tun daga ranar Zakariya bai sake haɗa ruwan toka ba. Tukwanen fure yake ginawa yanzu a Jimeta, jajaye, babu sheƙi. Idan aka tambaye shi tabon hannunsa yakan ce wuta ce. Bobboyi kaɗai ya san abin da dattijon ya ƙara faɗa lokacin da suke mayar da ƙasa.

"Ai sun fito daga wutar, ina ganinsu. Ƙaramin ne ba ta gani ba, ta koma ciki nemansa. Sauran suka bi ta."